Muhawara: Shin ɗora ɗan'uwa a kan shago karya jari ne?

Dattijon Kwari: Assalamu alaikum jama'a. Ga maganar da na tsaya a kai, mai ja ya fito: ɗan kasuwar da ke son jarinsa ya kai shekara goma kada ya ɗora ɗan'uwansa na jini a kan shago. Ya biya masa kuɗin makaranta, ya yi masa aure, ya yi masa kyauta iya ƙarfinsa, amma kada ya miƙa masa mukulli da littafin bashi. Ban ce dangi sun fi bare cin amana ba. Matsalar ita ce hukunci. Bare in lissafi ya ƙi fita, ranar za ka sallame shi. Ƙaninka kuwa, kafin ka rufe baki Hajiya ta kira waya, kawu ya aiko, an ce ku rufa wa juna asiri. Sannan ku duba lissafin: mai sari da ke cin ribar naira biyar a kan kowace ɗari, in ƙaninsa ya ba surukinsa atamfa ta dubu ɗari biyu bashi aka ƙi biya, sai ya sayar da kayan miliyan huɗu kafin ya cike wannan ramin. Bashi uku irin wannan a shekara, an gama da shago, alhali ba wanda ya saci ko sisi.

Ɗan Agalawa: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara girma, amma tarihin kasuwar Kano bai goyi bayanka ba. Fataucin goro zuwa Gwanja gidaje ne suka riƙe shi: Agalawa, Tokarawa, Kambarin Barebari, ɗa yana bin ayarin ubansa har ya san hanya da masauki. Alhassan Dantata daga irin wannan gida ya fito a Bebeji, ya yi goro, ya yi gyaɗa, ya rasu a 1955, kasuwancin bai bi shi kabari ba, ɗansa Aminu Dantata ya daɗe yana jan ragamarsa har Allah ya yi masa rasuwa a 2025. Aliko Dangote a gidan nan ya tashi ta wajen mahaifiyarsa, kuma da rancen dangi ya fara a 1977. Abdul Samad Rabiu a kamfanin mahaifinsa Khalifa Isyaka Rabiu ya goge kafin ya kafa BUA a 1988. Wane banki ne zai ba matashi ɗan shekara ashirin jari ba tare da jingina ba? Dangi kaɗai ke yin wannan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Dattijon Kwari: Ka lissafo gida uku. Zaga kasuwannin Kwari da Singa da Dawanau ka ƙirga shagunan da sunan mai su ya ɓace shekara biyu bayan rasuwarsa. Kuma ka lura da abin da ka faɗa da bakinka: rance aka ba Dangote, ya je ya yi nasa. Ba a zaunar da shi a shago yana ba da kaya ba iyaka ba.

Malamin Fara'il: A nan Alhaji ya taɓo inda gizo ke saƙa, ko da yake ya ɗora laifin inda bai dace ba. Mutane suna ba ɗan'uwa dukiya ba tare da sun sa wa abin suna ba. Aka ce "ga wannan ka juya". To rance ne, ƙiradi ne, kyauta ce, ko aiki yake yi maka? Kowanne hukuncinsa daban.

In rance ne, ko ya ci riba ko ya faɗi, abin da ka ba shi zai dawo maka, ba ƙari ba ragi. In ƙiradi ne, kai da jari shi da ƙarfinsa, riba ana raba ta ne da kaso, rabi da rabi ko sulusi da sulusi biyu, yadda kuka yarda tun farko. Ka ba shi miliyan biyu, aka samu dubu ɗari huɗu, a kan rabi kowa dubu ɗari biyu. In aka faɗi ba tare da sakacinsa ko saɓa sharaɗi ba, asarar kuɗi taka ce, shi ya yi asarar guminsa. Abu biyu ke ɓata ƙiradi kuma kullum ana yin su. Na farko ka ce "duk wata ka kawo mini dubu hamsin", wato ka yanka adadi. Na biyu ka ce "ko me ya faru uwar kuɗina na wuyanka". A mazhabar Malikiyya kuma jarin ƙiradi kuɗi ne, ba haja ba. Saboda haka in ka ɗauki dila biyar ta shadda ka ba ƙaninka a kan farashi ya kai Maraɗi, wannan ciniki ne na bashi: ribarsa tasa ce shi kaɗai, asararsa ma tasa. Rigima tana tashi ne a ranar da yayan yake ganin bashi ya bayar, ƙanin yana ganin haɗin gwiwa ne, uwarsu kuma tana ganin kyauta ce.

Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ba ta ware 'yan'uwa ba.

Dattijon Kwari: Allah ya gafarta Malam, a karatu haka yake. Amma kawo wa ƙaninka takarda ka ce ya sa hannu, ka ga yadda gida zai ɗauka. Za a ce ka mai da shi ɓarawo.

Akanta Mai Jan Biro: Shi ya sa ba a jira sai an fara zargi kafin a kawo takarda, Alhaji. Ranar farko ake kawo ta, kuma doka ɗaya ce a kan kowa har mai shagon. Abin da ke cinye shagunan dangi ƙanana ne. Na'urar POS an buɗe ta da sunan ƙanin da BVN ɗinsa saboda shi ke zaune, ciniki na wata shida yana shiga asusunsa tare da kuɗin katinsa da na zancensa. Ko waliyyi ne ba zai iya rabe su ba, kuma in Allah ya yi masa rasuwa, banki magadansa zai sani, ba kai ba. A buɗe asusun da sunan kasuwancin, saƙon shigar kuɗi ya riƙa zuwa wayar mai jari.

Sai cefane. Mai shago ya sa hannu a aljihun tebur da safe ya ɗauki dubu goma, da yamma an aiko a ba da buhun shinkafa gidan yaya, ba a rubuta ba. Yaron da ke kallo ya koyi cewa haka ake yi. Mai shago ya yanka wa kansa albashi, ya yanka wa ƙaninsa, ya ware adadin taimakon dangi na wata, in ya ƙare ya ƙare sai wata mai zuwa. Duk abin da ya fita zuwa gida a rubuta shi da farashin sari a shafi na daban.

Ƙirga kaya kuwa duk ƙarshen wata, ba sai lokacin fitar da zakka ba. Kayan da aka fara wata da su, a haɗa da wanda aka saro, a cire wanda ya rage a kan kanta. Abin da ya fita, in aka cire wanda aka kai gida aka yi masa lissafi da farashin sayarwa, dole ya yi daidai da kuɗin da ya shigo haɗe da bashin watan da ke littafi. Giɓin wata ɗaya ana iya gano bakinsa. Na shekara guda ba mai iya tunawa, sai rantsuwa da gaba. Kuma wanda ke riƙe kuɗi kada ya zama shi ke ƙirga kaya. Bashi a sa masa iyaka: sama da adadi kaza sai mai jari ya sani.

Uwar Adashe: Duk maganarku ta maza ce a kasuwa. Ku leƙo cikin gida. Mace mai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ko mai turaren wuta, jarinta bai wuce dubu ɗari ba, kuma ba ta da zaɓin da Alhaji ke faɗa. 'Yarta ce ke talla, ƙaninta ke saro mata gyaɗa a Dawanau, mijinta ke ba ta izini. In ta ce ba dangi, sana'ar ta mutu a take. Amma kuma dangin ne ke cinye ta. Maigida ya ce ara mini na cefane zuwa albashi, ba ya dawowa. Biki ya taso, ga anko ga gudunmawa, a zari daga uwar kuɗi. Maƙwabta da facaloli su karɓi kwalba biyu "sai an jima". Ciyarwa a kan miji take, dukiyar mace kuma tata ce, wannan Malam zai tabbatar. In ta taimaka alheri ne, amma ta faɗa da bakinta ko rance ne ko kyauta. Matan da sana'arsu ke ɗorewa za ku tarar suna abu ɗaya: da an sayar, kuɗin sarin gobe ake fara cirewa a ɗaure daban, sai zubin adashe, abin da ya rage shi ne na ci. Adashen shi ne katangarta, domin in aka zo aro tana iya cewa "na zuba" ba wanda zai ji haushi.

Malamin Fara'il: Haka yake Hajiya, babu ja. Bari kuma in koma kan shagunan da Alhaji ya ce suna ɓacewa. Ga misali. Mutum ya rasu, bayan an biya bashi jarinsa miliyan ashirin da huɗu ne. Ya bar mata biyu, mahaifiya, 'ya'ya maza shida, mata biyar. Matan za su raba tumuni, miliyan uku. Mahaifiya sudusi, miliyan huɗu. Saura sha bakwai: kowane namiji miliyan biyu, kowace mace ɗaya. Shagon da ke saro kwantena ya koma hannu goma sha huɗu, kuma kaso mafi tsoka yana wajen tsohuwar da ba ta zuwa kasuwa. Rabon Allah ne, babu gyara a cikinsa. Amma shari'a ba ta ce dole a yi gwanjon kaya ba. Ana iya yi wa shago kima, kowa ya san kasonsa, masu so su bar nasu a ciki a riƙa ba su riba, mai son fita a biya shi.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne babban ɗa da ya yi shekara goma sha biyar a shago ba albashi, ƙannensa suna jami'a. Ranar rabo kasonsa ɗaya da nasu. Wasiyya ba ta wuce sulusi kuma ba a yi wa magaji. Kyauta kuma in bai karɓa ya riƙe ba tun uban yana da lafiya, ta koma gado, ga kuma umarnin yin adalci tsakanin 'ya'ya a kyauta. Hanyar da ba ta da ƙura ita ce a biya shi ladan aikinsa wata-wata, ko a ƙulla ƙiradi da shi a rubuce, abin da ya tara ya zama nasa tun uban na raye.

Barista: Ƙari a kan na Malam. Da yawa suna zaton rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ta wadatar. Wannan rajistar ba ta raba mutum da kasuwancinsa: bashin shago bashinsa ne, kuma in ya rasu komai ya tsaya. Kamfani mai iyakacin alhaki shi ke da rayuwar kansa a doka, shi ke mallakar asusu da haja da takardar haya, magada kuma hannun jari suke gada. Tun dokar kamfanoni ta 2020 mutum ɗaya ma yana iya kafa irinsa. Amma a sa mutum na biyu da zai iya sa hannu a banki, a kuma rubuta cewa mai son sayar da hannun jarinsa sai ya fara tallata wa 'yan gida. In akwai marayu ƙanana, kason su sai da waliyyi da sanin kotu.

Ɗan Agalawa: To Alhaji, ka ga ba jini ne matsalar ba.

Dattijon Kwari: Na karɓi na Akanta da na Barista, amma ban sauka ba. Duk tsarin nan yana aiki ne in za ka iya korar wanda ya karya shi. Yaron shago bare ya san ƙa'ida: ya yi shekarunsa, a yi masa aure, a sallame shi da jari, a riƙa ba shi kaya bashi har ya tsaya da ƙafarsa. Yana da abin da yake jira, shi ya sa yake riƙe amana. Ɗan'uwa yana ganin da ma yana da haƙƙi a ciki. Ga 'yan ubanci: ka ɗauki ɗan ɗakinku, ɗaya ɗakin ya ce an ware su. Abin da zan iya yarda da shi shi ne ka kai ƙaninka shagon amininka ya koya, kai kuma ka ɗauki nasa. A can zai ji faɗa ya shanye.

Uwar Adashe: Wannan musayar tana yi wa mai shago a Kwari, Alhaji, don yana da aminin da zai karɓa. Mai soya ƙuli a tsakar gida fa, wa za ta aika wa 'yarta?

Akanta Mai Jan Biro: Ita nata ɗan littafi ne mai araha, Hajiya, shafi uku: abin da aka saro, abin da aka sayar, abin da aka karɓa ba a biya ba, da suna da rana. 'Yar da ke makaranta ita za ta riƙa rubutawa duk dare. Alhaji kuma, ko ka kai ƙaninka shagon aminin naka, ranar da zai dawo a sallame shi tambayar Malam na nan tana jiran ka: kuɗin da za ka ba shi rance ne, ƙiradi ne, ko kyauta?