Mun riga mun haye, in ajiye lamba taranmu ko in saka shi?

Koci Bolari:
Salam ƴan uwa, shawara nake nema. Ni ke riƙe da yaran unguwarmu a gasar da ake bugawa nan Gombe, mun riga mun fito daga rukuni, wasan Asabar ko an ci mu ba abin da zai canza, kwata fainal kuma ran Talata ne. Lamba taranmu tun wancan satin yake ɗingishi, cinya ce, kullum sai an shafa masa man zafi an naɗe da bandeji. Ina so in ajiye shi amma da ƴan Jekadafari za mu kara, kun dai san abin da ke tsakani, jiya har babansa ya tare ni a ƙofar masallaci wai kar in kunyata unguwa.

Ɗan Madrid:
Koci ajiye shi kawai. A 2022 Madrid ta ɗau La Liga tun 30 ga Afrilu saura wasa 4, Ancelotti ya dinga hutar da su Modric, Liverpool kuwa haɗamar kofi huɗu ta sa sai da suka buga wasa 63 a kakar. Aka haɗu a fainal ɗin Champions League a Paris, Vinicius ya zura ɗaya shikenan.

Abban Salah:
Haba malam, Courtois ne ya ci muku kofin nan ba hutu ba, ƙwallo 9 ya tare wlh. Kuma yaro in ya daɗe a benci ƙafarsa sanyi take yi, a ba shi ko minti 20.

Baban Pantami:
Ku bar musun gidan kallo, koci cewa ya yi yaron ciwo gare shi. Kun manta Diego Costa na Atletico a fainal ɗin Champions League na 2014 da Madrid? Shi ma cinyar ce, Simeone ya biye masa ya saka shi, minti 9 aka fitar da shi, canji ɗaya ya tafi a banza, aka je ƙarin lokaci ƴan Atletico duk sun galabaita aka tashi 4-1. Can ma kenan da likitoci, balle filinmu na ƙasa mai tauri kamar siminti, in tsokar nan ta yage wa zai biya kuɗin asibiti, ƴan kallo?

Koci Bolari:
Na gode Baba. Zai sa jesi ya zauna a benci amma ba zai shiga ba. Saura babansa, don Allah ko za ka raka ni wajensa bayan isha'i?