Ƙwallayen ƙarfe na duniyar Mars: a cikin dutse suka girma, ko daga sama suka zubo?

Ɗalibin Kimiyya:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Kwanan nan na sake duba hotunan da motar bincike mai suna Opportunity, ta hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka (NASA), ta aiko daga duniyar Mars bayan saukarta a watan Janairun 2004, kuma wani abu ya tsaya mini a rai. A filin da ta sauka, wato Meridiani Planum, ƙasa cike take da ƙananan ƙwallaye waɗanda ba su wuce ƙwayar dawa ko ta wake ba, wasu a barbaje a kan yashi, wasu kuma a maƙale a jikin dutse, rabi a ciki rabi a waje. Na karanta cewa ma'adinin ƙarfe ne da ake kira hematayit, kuma wai suna daga cikin hujjojin da ke nuna cewa ruwa ya taɓa jiƙa wurin.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk wanda ya taɓa tsayawa a shagon mai walda ya ga yadda narkakken ƙarfe yake fallatsa ya daskare ya zama ƙananan ƙwallaye a ƙasa. Me ya sa ba za a ce wuta ce ta haifar da na Mars ba, ko ta dutse mai aman wuta ko ta faɗuwar dutsen sararin samaniya? Kuma ta yaya ruwa zai iya cura ƙwallo a cikin dutse? Ina neman ƙarin haske.

Malamin Ilimin Duwatsu:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, tambayarka ita ce ainihin wadda masu binciken suka yi wa kansu a makonnin farko, kuma ba siffar ƙwallayen ce ta ba su amsa ba, yadda suke zaune a cikin dutsen ne ya ba su.

Tun kafin a aika motar, wata na'ura da ke jikin kumbon Mars Global Surveyor ta hango hematayit mai launin toka a wannan fili daga sama, kuma saboda haka ne aka zaɓe shi. Opportunity ta yi sa'ar faɗawa cikin wani ƙaramin rami mai faɗin kimanin mita 22, wanda aka sa wa suna Eagle, inda dutse mai hawa-hawa ya fito fili a jikin bangon ramin. Dutsen asalinsa yashi ne da ya haɗe, kuma yana ɗauke da gishirin farar wuta mai yawa. An sami ma'adinin jarosayit a cikinsa, wanda ba ya samuwa sai a ruwa mai asid, an kuma ga ƙananan ramukan da wasu ƙwayoyin gishiri suka bari a jikin dutsen bayan sun narke. A ranar 2 ga Maris 2004, Steve Squyres, shugaban masu binciken, ya sanar da cewa ruwa ya taɓa jiƙa waɗannan duwatsu sharkaf.

To, ga inda maganar take. Da a ce ƙwallayen daga sama suka zubo, da an same su a jibge a shimfiɗa guda, kamar yadda ƙanƙara take kwanciya a tsakar gida bayan an yi ruwa, sannan yashi ya binne su, kuma da an ga alamar inda kowace ta lotsa yashin da ta faɗa a kai. Ba haka aka gani ba. A warwatse suke cikin dutsen daga sama har ƙasa, da 'yar tazara tsakanin kowace da maƙwabciyarta, kuma layukan yashin suna zuwa jikin ƙwallon ba tare da sun lanƙwashe ba. An kuma ga wasu bibbiyu, har da uku-uku, a manne da juna, abin da ke nuna cewa kowace ta fara girma a wurinta har suka haɗu.

Yadda ruwa yake cura su kuwa ba abu ne mai wuyar fahimta ba. Dutsen yashi yana da ƙananan ƙofofi tsakanin ƙwayoyinsa, kuma idan ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso ya cika su, yana ɗauke da narkakken ƙarfe. Idan yanayin ruwan ya sauya, misali asid ɗinsa ya ragu, sai ya kasa ci gaba da riƙe ƙarfen, ƙarfen ya fara kwanciya a wani ɗigo guda, wanda ya zo daga baya kuma ya manne a kan na farko. Da yake ruwan kusan a tsaye yake, ƙarfen yana isowa daga kowace fuska daidai wa daida, shi ya sa abin yake fitowa ƙwallo. Kowace ƙwallo tana janye ƙarfen da ke kewaye da ita, wannan ne ya sa ake ganin tazara tsakaninsu. Waɗanda ka gani a barbaje kuwa, iska ce ta daɗe tana cin dutsen mai laushi tana kwashe shi, ta bar ƙwallayen masu tauri da nauyi, kamar yadda sheƙa take raba hatsi da ƙaiƙayi.

Malama Mai Nazarin Taurari:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, kuma ra'ayin da ya kawo shi ne na mafi yawan masana, amma ya kamata ɗalibinmu ya san cewa tunaninsa bai kauce hanya ba. A shekarar 2005, Paul Knauth na Jami'ar Jihar Arizona da abokan aikinsa sun wallafa cewa duwatsun Meridiani suna iya zama tarkacen da guguwar faɗuwar wani babban dutse daga sararin samaniya ta shimfiɗa, ƙwallayen kuma sun haɗu ne a cikin ƙura da tururin wannan guguwa.

Akwai kuma batun girma, wanda ni har yanzu yake damuna. Misalin da aka fi kawowa daga duniyarmu shi ne ƙwallayen ƙarfe na dutsen yashin Navajo da ke kudancin Utah a Amurka, waɗanda Marjorie Chan ta Jami'ar Utah ta kwatanta da na Mars a 2004. Sai dai na Utah girmansu ya bambanta ƙwarai, daga kamar ƙwayar wake har zuwa kamar lemo, kuma yawanci ɓawon ƙarfe ne ya lulluɓe yashi a ciki. Na Meridiani kuwa da wuya su wuce milimita 6, kuma da motar ta yanka wasu da na'urarta ta goge dutse, ba a ga irin wannan ɓawo da ciki ba. A 2012 ma, a gefen ramin Endeavour, Opportunity ta ci karo da wasu ƙwallaye a dutsen da aka kira Kirkwood waɗanda ba su da yawan ƙarfen na farko. Saboda haka ba kowace ƙwallo ta Mars ce za a yi wa hukunci ɗaya ba.

Ɗalibin Kimiyya:

Na gode, Malam, na gode, Malama, Allah ya ƙara ilimi. Bayanin ya tuna mini da ƙananan tsakuwoyi jajaye masu siffar ƙwallo da muke gani a cikin marmara da burjin da ake zubawa a hanya a garuruwanmu. Na taɓa fasa ɗaya da dutse, na ga cikinta zobe a kan zobe kamar albasa. Shin hanyar samuwarsu ɗaya ce da ta Mars?

Malamin Ilimin Duwatsu:

Akwai dangantaka ta gaskiya, ɗan'uwa, domin a duka biyun ruwa ne yake narkar da ƙarfe a wani wuri ya sauke shi a wani. Tsakuwar marmara tana samuwa ne a cikin ƙasa kusa da sama, inda ruwa yake tasowa da damina ya janye da rani shekara bayan shekara, kuma zoben da ka gani alama ce ta wannan girma daki-daki. Na Meridiani kuwa a cikin dutse mai gishiri suka girma, a ruwa mai asid da ba zai shawu ba.

Game da ƙorafin Malama, na yarda cewa na Kirkwood daban suke. Amma ga na Meridiani, ra'ayin faɗuwar dutse yana shan wuya wajen bayyana dalilin da ya sa ba su taru a shimfiɗa guda ba, da dalilin mannuwar wasunsu uku a jere. Ƙanƙantarsu kuma tana iya zama shaida ce a kan ruwan kansa: idan ƙarfen da ke cikinsa ya ƙare da wuri, ko ruwan ya janye bai daɗe ba, ko wuraren da girman ya fara sun yi yawa har suka raba ƙarfen tsakaninsu, to dole ƙwallayen su tsaya ƙanana kuma kusan kai ɗaya. A 2018, Hidekazu Yoshida na Jami'ar Nagoya da abokansa, bayan nazarin ƙwallayen Utah da na hamadar Gobi a Mongoliya, sun kawo wata hanyar: cewa ƙwallayen farar ƙasa ne suka fara samuwa, daga baya ruwa mai asid ɗauke da ƙarfe ya ratso ya narkar da su, ƙarfen ya kwanta a gurbinsu. Idan haka ta faru a Mars, to ruwa iri biyu ne suka ratsa dutsen a zamani biyu, na farko mara asid, na biyu mai asid. Abin da zai raba gardamar shi ne a yanka ƙwallo ɗaya a ɗakin gwaji a nan duniya a duba cikinta da madubin ƙara girma mai ƙarfi, kuma Opportunity, wadda ta yi shiru a watan Yunin 2018 bayan tafiyar kilomita 45, ba a ƙera ta domin dawo da ko ƙwaya ɗaya ba.