Lissafin mai da sauya filin sauka tsakanin Accra da Kumasi

Mai tambaya, daga Nima: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na shiga wani kamfanin jiragen sama na kwaikwayo, ina tashi da Microsoft Flight Simulator, manhajar kwaikwayon tuƙa jirgi a kwamfuta. Jiya na isa Kumasi cikin hazon hunturu, na kasa ganin titin sauka, na yi ta kewaya har mai ya kusa ƙarewa, kamfanin kuma ya ƙi karɓar rahoton tafiyata. Yaya ake lissafin man, kuma yaushe ya kamata in karkata zuwa wani fili?

Daga Aboabo, Kumasi: Wa alaikumus salam, Malam. Yawancin kamfanonin nan ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, suke bi: man tafiya a ƙasa kafin tashi, man tafiyar kanta, ƙarin kashi 5 cikin ɗari na man tafiyar saboda abin da ba a zata ba, man zuwa filin madadi (inda za ka karkata idan ka kasa sauka), sannan ajiyar ƙarshe ta minti 30 a tsayin ƙafa 1,500 ga jirgin jet. Wannan ajiyar ba ta kewaye ba ce. Da zarar abin da ya rage ya kai jimlar man filin madadi da ajiyar ƙarshe, sai ka juya ba tare da jinkiri ba.

Daga Sabon Zango: Gaskiya ne, amma zan ƙara cewa ka duba rahoton yanayin filin madadin kafin ka tashi, domin a watan Janairu hazon da ya rufe Kumasi yakan fi tsanani a Tamale. Ni Accra nake sawa, ko Lome, SimBrief kuma, shafin intanet na tsara tafiyar jirgi, ya fitar da alƙaluman.

Mai tambaya: Na gode, Malamai. Ashe Tamale na zaɓa jiya.