Wa ya sassauta kafala a Katar, ƙungiyoyin ƙwadago ko ƙwallo?

Kwamared: Jama'a, ina nan kan maganata ta jiya. Ba don ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasashe sun haɗa kai ba, da har yau lebura a Katar ba ya hawa jirgin gida sai kafil, wato maigidan da tsarin kafala ya ɗaure zamansa da aikinsa a hannunsa, ya sa masa hannu. A 2014 wakilan ma'aikata suka kai ƙarar ƙasar gaban ILO, hukumar ƙwadago ta duniya da ke Janiba, ba a rufe ƙarar ba sai a Nuwamban 2017 da gwamnati ta ɗauki alƙawarin gyara. A 2018 aka soke izinin fita ga yawancin ma'aikata, a 2020 aka ce mutum na iya sauya aiki ba sai da takardar amincewar maigida ba.

Baban Amira: Kwamared, ka bar ƙwallo a baya. Tun 2010 aka ba su gasar cin kofin duniya, idon kowa ya koma kansu. Kunya suka ji. Kafala tana nan a sauran ƙasashen yankin, ina ƙungiyoyin naka suke?

Kwamared: Wa ya juyo da idon? Ƙwallo ta buɗe ƙofa, na yarda, amma sai da aka sami masu shiga da takarda a hannu. BWI, ƙungiyar ƙwadago ta maginan duniya, har cikin filayen wasan ta riƙa shiga duba yanayin aiki. Kuma ita ce ta kai ƙarar Saudiyya ILO a 2024.

Ɗan Doha: Yayyena, ku ba ni dama, ni na yi gadi shekara uku a can. Albashi mafi ƙaranci na riyal 1,000 da ya fara aiki a Maris 2021, da 500 na ɗaki da 300 na abinci, wallahi ya shiga aljihunmu, ban musa ba. Hana aiki a rana daga ƙarfe 10 zuwa 3:30 lokacin zafi ma ya ceci mutane. Amma ranar da na nemi sauya kamfani, manajanmu cewa ya yi zai rubuta na gudu, a soke mini iƙama, wato takardar izinin zama. Ga bashin ejan da na ci kafin in tafi, mahaifiyata ta jinginar da gona. Da wane ƙarfin zan ja da shi? Na haƙura. Wata biyu albashinmu ya maƙale, ba mu da wanda zai tsaya mana da murya ɗaya, don baƙo ba shi da izinin kafa ƙungiya a ƙasar.

Anti Malama: Nan ne ciwon yake, ƙanena. An yi wa ma'aikaci magana daga Janiba, shi kuma ba a bar shi ya yi wa kansa ba. 'Yan aikin gida fa? Yarinyar da ke cikin gida, fasfo ɗinta a hannun uwar ɗaki, wane mai duba aiki ne zai ƙwanƙwasa wannan ƙofar?

Kwamared: Ban ce an gama ba, Anti. Cewa na yi dokar da Ɗan Doha yake kukan an taka, a da babu ita sam.

Baban Amira: To mu sa ido kan gasar kofin duniya ta 2034, tunda Saudiyya aka ba, can kuma namu sun fi yawa.

Ɗan Doha: Ni dai da NLC, ƙungiyar ƙwadago ta Najeriya, za ta fara da ejan-ejan ɗin da ke nan gida. Kafin in ga Doha aka ɗaure ni da bashi.