Sintisaiza mai sassa: abin da aka tattauna

Ga abin da na tsinta daga wata doguwar muhawara da aka yi kan sintisaiza mai sassa, wato na'urar kiɗa ta lantarki da ake haɗawa daga sassa daban-daban.

1. Kowa ya yarda kan yadda take aiki: sashe guda yana haifar da sauti, wani ya tace shi, wani ya daidaita ƙarfinsa. Mai kiɗa ne ke sada su da wayoyi, wutar da ke bin wayar kuma ita ce umarni.

2. Sabon shiga ya fara da manhajar VCV Rack mai kwaikwayon wannan na'ura a kwamfuta, kyauta ce. Sassan Eurorack, wato wani tsarin sassa na zahiri, akwai cin kuɗi, kuma sayensu ba ya ƙarewa.

3. An rabu kan salon wasu maƙera sintisaiza biyu. Wasu na bayan Moog mai maɓallan piyano, wasu na bayan Buchla da ya guje su tun shekarun 1960. Ni dai na fi karkata ga Buchla.

4. A kula da wayar wuta, saka ta a juye na iya ƙona sashe.