Neman shawara: maƙalolina uku suna cikin tez (kundin digirin dokta), in buɗe ta a intanet ko in rufe?

Ramatou: Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimake ni, kaina ya ɗaure. Ina karatun dokta a kan gero da ƙasar noma, ana kula da ni a nan Yamai da kuma wata jami'a a Faransa. Kuɗin tallafi sun ƙare tun bara, ga goyo, maigida yana aiki a Tahoua, rubutun ma sai dare in da wuta. Yanzu an sa ranar kare tez. Babi uku maƙaloli ne da suka riga suka fito. Ɗakin karatu na can ya aiko takarda in zaɓa: a buɗe wa kowa ko a rufe. Mujallu biyu an miƙa musu haƙƙin mallaka, ta ukun CC BY ce, wato lasisin da ya bar kowa ya yaɗa maƙala in ya ambaci mai ita. Babi na huɗu kuma yana hannun masu tantancewa na wata mujalla. In na buɗe za a kai ni ƙara?

Dr Issoufou: Ƙanwata, kwantar da hankalinki ki buɗe. Manyan kamfanonin buga mujallu Elsevier da Springer Nature duk sun yarda marubuci ya sa maƙalarsa cikin tez ɗinsa, muddin ya nuna inda ta fito. Ga kuma dokar Faransa ta 2016 da ta ba ki damar buɗe maƙalarki a intanet bayan wata 6 a fannin kimiyya, wata 12 a fannin zamantakewa. Ta CC BY kuwa babu ma magana.

Hadiza: Malam, ai ba ta faɗi mujallun ba. Dokar kuma rubutun da aka karɓa take nufi, ba PDF ɗin mujalla ba, kuma sai in kuɗin gwamnati ne ya biya aƙalla rabin binciken. Ramatou, wa ya biya naki?

Ramatou: Yaya Hadiza, farfesana ne ya zaɓi mujallun, shi ya cika takardun. Ɗaliba ba ta ce wa malaminta a'a. Kuma sai da maƙalolin za a bar ni in kare.

Abdoul Karim: Ku dai kun yi sa'a. Ni jika ɗari uku na biya wata mujalla, ashe ta bogi ce. Da na zo haɗa takardun CAMES, hukumar da ke tantance ƙarin girman malaman jami'a, aka ce kada in sa ta ciki. Har yau ciwon bai bar ni ba.

Dr Issoufou: Wannan wani zance ne dabam. Ramatou, na ce ki buɗe. Talakawan Nijar ne suka ba ki gonakinsu kika auna, bai dace ɗalibanmu su rasa karantawa ba.

Hadiza: Babi na huɗun ne ya fi damuna. Yawancin mujallu ba su ɗaukar tez a matsayin aikin da aka riga aka buga, amma ki karanta ƙa'idar taki. Ni da zan ce ki rufe na shekara ɗaya, ki nemo kwafin yarjejeniyar wurin farfesa.

Ramatou: Rufewa ba za ta yi min ba, ina neman aiki, ina son a ga aikina. Farfesan kuma yana tafiya, ba na son in matsa masa ana gab da karewa.

Dr Issoufou: To kin ji. Buɗe.

Ramatou: Amma in mujalla ta huɗu ta mayar min da maƙalar fa? Jibi ne ƙarshen mayar da takardar.