Filafili na hannu mai ƙugiyoyi: zai hau manaɗi ba tare da aljihu ya huje ba?

Sabon Matuƙi ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar ruwa. Ina da ƙaramin jirgin iska mai tsawon mita 8. Wanda ya sayar min ya bar manaɗi ƙirar Furlex, wato na'urar da ke naɗe filafilin gaba, a wayar goshi, wadda ke riƙe jigon jirgi daga gaba, lafiyarsa ƙalau, amma filafilin da ke kai rana ta gama da shi, da yatsa biyu ma sai ka yaga shi. Sabo ya fi ƙarfina a bana. Sai Allah ya haɗa ni da wata jenowa ta hannu, wato babban filafilin gaba, yadin Dacron (poliyesta) mai nauyin oza 6, wadda aka cire daga jirgin da ya ɗan fi nawa girma. Yadin na nan da ƙarfinsa, idan ka murza har yanzu yana ƙaras-ƙaras. Matsalar ita ce irin ta da ce, mai ƙugiyoyin tagulla da ake maƙalawa a waya ɗaya bayan ɗaya, kuma akwai wayar ƙarfe a cikin lafin gaba.

Ga awon da na ɗauka. Gefen gaba na filafilin mita 10.15. Na ɗaura tef ɗin awo a majuyin sama na manaɗin, inda ake maƙala kan filafili, na ja shi har ƙurewa, zuwa maɗaurin da ke kan gangar manaɗin a ƙasa na samu mita 9.80. Daga gindin jigo zuwa gindin wayar goshi mita 3.10, faɗin filafilin kuma daga kusurwar baya miƙe zuwa gefen gaba mita 4.20.

Keken ɗinkin gida nake da shi, tsoho mai jikin ƙarfe, yana yin zigizag. Zai iya? Sannan yadin kare rana da ake ɗinkawa a gefe, dole ne, ko zan iya ɗaga masa ƙafa zuwa baɗi? Don Allah a taimaka, kada in sa almakashi inda zan yi da na sani.

Tsohon Maɗinki ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka yi abin da yawancin masu kawo min irin wannan aiki ba sa yi, wato ka auna kafin ka tambaya. Amma ajiye almakashin tukuna, ka shimfiɗa filafilin a wuri mai tsabta. Ka sa farce ka karce zaren ɗinkin da ke haɗa faifan yadin, musamman kusa da gefen baya. Idan zaren ya tsinke ko ya zama gari, sai an sake bin ɗinkin, wannan mai sauƙi ne. Sannan ka soka babbar allura a yadin kansa, nan ma a gefen baya, ka ja ta gefe da ɗan ƙarfi. Idan yadin ya tsage, to ka bar maganar nan, ko zare kada ka saya masa. Ƙaras-ƙaras ɗin da kake ji a tsakiya ba shi ne shaida ba, gefen baya ne ke fara mutuwa, shi ke shan kaɗawar iska.

Idan ya tsallake, awonka ya yi kyau. Raba 4.20 da 3.10, ka ga kashi 135 cikin ɗari ke nan, kuma wannan girma da nauyin oza 6 sun dace da manaɗi a jirgi kamar naka. Da mai kashi 150 ce ta yadi marar nauyi, da na ce ka haƙura, domin ranar da ka naɗe rabinta ka shiga iska mai ƙarfi, ranar za ta saki jiki, ba kuma za ta dawo ba.

Yanzu tsawo. Wurin da kake da shi 9.80 ne, amma yadi yana miƙewa idan aka ja igiyar ɗagawa, don haka ka bar santimita 10 zuwa 15. Gefen gaba ya ƙare a wajen 9.67. Kusan rabin mita ke nan zai tafi. Kada ka yanke daga ƙasa, za ka ɓata kusurwa biyu masu kauri a banza. Kada kuma ka guntule kan kawai, sai ka tarar da kai mai faɗin taƙi, ka koma gyaran gefen baya. Tunda dama gefen gaba za ka yanke don ka rabu da ramukan ƙugiyoyi da wayar nan, bari yanka ɗaya ya yi aiki biyu. Ka nemo wuri a kan gefen baya wanda nisansa daga kusurwar ƙasa ta gaba ya yi daidai da sabon tsawon, nan ne sabon kai. Daga nan ka ja layi zuwa ƙasa. Abin da zai fita dogon tsiri ne, mai faɗi a sama, siriri a ƙasa. Kusurwar baya za ta ɗan ɗaga sama, kuma hakan alheri ne ga filafilin naɗi.

Sai dai layin nan ba miƙaƙƙe ba ne, nan mutane ke faɗawa rami. Kafin ka taɓa komai, ka kafa filafilin a miƙe, ka ja zare daga kai zuwa ƙasa, ka auna yadda tsohon gefen ya kauce wa zaren a kowace mita, ka rubuta. Wannan lanƙwasa ita ce ke biyan bashin lotsawar da wayar goshi ke yi idan iska ta cika filafili. Ka mayar da ita a sabon layin da dogon itace siriri mai lanƙwasuwa, ka zana da fensir, ka duba daga nesa da ido ɗaya, sannan ka yanka. Da wuƙa mai zafi, ko bakin ƙarfen solda, don bakin yadin ya narke ya rufe.

Tef mai igiya a ciki, wanda zai shiga kwarin bututun alminiyam na manaɗi da ke lulluɓe da wayar goshi, shi ne abu guda da ba na yarda a yi masa rowa. Girmansa lamba-lamba ne, lamba 5 wajen milimita 4, lamba 6 wajen milimita 5. Kada ka yi hasashe. Yanko guntu daga mataccen filafilinka ka gwada da shi wajen saye. Ƙarami zai zame ya fita daga kwari lokacin da iska ta yi ƙarfi, babba kuma zai cije a rabin hanya, ba sama ba ƙasa. Ka manna shi da tef mai gam ta fuska biyu kafin ɗinki, ka bi da layi biyu na zigizag, zaren poliyesta V-69 ko V-92, allura lamba 100 ko 110. Kekenka zai yi wannan. Inda zai gaza shi ne kai, domin sai ka sake jera ƙarin yadi ninki-ninki ka ɗora madaurin bel. Ka yi wannan da hannu, da basilla da zare mai kakin zuma, ko ka kai wa mai keken masana'anta wannan ɗan wurin kaɗai. Kuma bel nake nufi, ba zoben ƙarfe ba. Zobe ba ya naɗuwa, sai ya yi ƙulu a sama.

Iskar Yamma ta amsa:

Baba Maɗinki ya gama magana a kan yanka, ni dai zan ƙara abu ɗaya da ya fi ba ni tsoro. Malam, idan ka rage tsawon ya wuce kima, majuyin sama zai tsaya nesa da kan jigo, igiyar ɗagawa ta kwanta daidai da waya. Kana jan igiyar naɗi sai ita ma ta bi ta nannaɗe bututun. Mutum ya ji abu ya cije, sai ya sa winci, na'urar jan igiya, ya ƙara ƙarfi, a nan ne ake murɗe wayar goshi har silinta su warware, kuma idan ta tsinke jigo ne zai biyo baya. Igiyar tana buƙatar ta rabu da waya da kamar digiri 5 zuwa 10. Ka ɗaga filafilin a rana marar iska, ka koma nesa da madubin hangen nesa ka duba. Idan majuyin bai kai sama ba, ka ƙara guntuwar igiya marar miƙewa tsakanin kan filafili da majuyi. Idan ya kai amma kusurwar ba ta fito ba, akwai ɗan ƙarfe da ake ɗaurewa a jigo ya janye igiyar baya. Kuma ka riƙe wannan: manaɗin jirgi mai mita 8 da hannu ake jansa. Ranar da ya nemi winci, wani abu ya lalace, ka ɗaga kai ka duba.

Af, ka duba ko akwai sandunan da ake zurawa a kwance a gefen baya. Jenowa ba ta cika zuwa da su ba, amma idan akwai, sai an cire, ba sa naɗuwa.

Mai Ƙaramin Jirgi ya amsa:

A kan yadin rana, ni ra'ayina ka bar shi a bana. Sunbrella, yadin da aka saba ɗinkawa don kare rana, yana da nauyi, wajen oza 9, ya fi yadin filafilin naka ma, kuma a iska kaɗan sai ya ja gefen baya ƙasa ya sa shi lanƙwashewa. Ga tsada, ga shi shi ne ɗinki mafi tsawo a duk aikin. Ni doguwar riga mai zif na ɗinka, ina ɗaga ta da igiyar da ba na amfani da ita ta rufe filafilin bayan na naɗe. Ko kuma ka sauke shi ka sa a jaka idan za ka daɗe ba ka fita ba, ai kyauta ne.

Sabon Matuƙi ya dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na yi gwajin allurar, yadin bai tsage ba, sai dai zaren ya saki a ɗinki biyu na sama kusa da gefen baya, zan bi su. Sanduna babu. Baba, me ka gani game da rigar nan? Kuma idan na ce zan ɗinka yadin ranar, a wace fuska zai zauna? Na ga wasu suna sa soso a gefen gaba, shi ma dole ne?

Tsohon Maɗinki ya sake amsawa:

Rigar tana aiki, ban ƙi ba, amma tana da sharaɗi: sai an tamke ta da igiya sosai. Idan ta yi sako-sako, dare ɗaya na iska za ta yi ta bugun filafilin tana goge ɗinkinsa, maƙwabtanka a matsayar jirage kuma ba za su yi barci ba. Maganar saukewa a sa a jaka kuwa, kowa haka yake cewa a makon farko. Wanda ya sa manaɗi ya sa ne don kada ya je goshin jirgi, kuma kai da bakinka ka faɗi abin da rana ta yi wa na farkon. Shawarata ita ce tsaka-tsaki: akwai Dacron marar nauyi da aka yi wa rufin kare rana, ya fi Sunbrella araha da sauƙin shiga keken gida. Ba ya kai shi daɗewa, amma filafilin na hannu ne, ƙila su tsufa tare.

Fuskar kuwa, ka tsaya a kan ganga ka kalle ta daga sama lokacin da ake naɗewa. Idan tana juyawa yadda hannun agogo ke tafiya, fuskar hagu ce ke waje, hagunka idan kana kallon goshin jirgi. Idan akasin haka ne, ta dama. Kada ka dogara da wannan kaɗai. Bayan ka sa tef ɗin gaba, ka ɗaga filafilin, ka naɗe shi yadda za ka riƙa barinsa, ka bi duk inda hannunka ya kai da fensir kana zana bakin abin da ya rage a waje. Da ka warware za ka ga fuskar da faɗin duka, sai ka ƙara santimita kaɗan, domin ba kullum naɗin ke matsewa daidai ba. Yadin ka yanka shi gajere-gajere ka jera, kowane ya hau kan na ƙasa da shi, ka ninka bakin ya rufe gefen, kada ka shimfiɗa dogo guda daga sama har ƙasa. Dogon zai ja daban da yadin da ke ƙarƙashinsa, gefen ya tattare. Ka kula kada allura ta kama siririyar igiyar da ke cikin lafin baya.

Soso ba dole ba ne. Amfaninsa shi ne ya cinye tumbin filafili idan ka naɗe wani sashe kana tafiya da sauran, domin in babu shi tsakiya na yin jaka, jirgi ya riƙa kwanciya maimakon ya ci gaba. Amma yankan da za ka yi zai riga ya rage tumbin daga sama. Ka fita da shi haka, ka naɗe zagaye uku ko huɗu a iska mai ɗan ƙarfi, ka matsar da kurar da igiyar jan filafili ke bi ta ciki zuwa gaba, ka ga yadda ya zauna. Idan jakar ta dame ka, ana iya ƙara soson daga baya ba tare da an warware komai ba, ko a jera guntayen igiya masu tsawo daban-daban a cikin aljihu a madadinsa. Ƙugiyoyin tagullar nan kuma kada ka zubar. Ka buɗe su a hankali da filaya, masu jiragen da ba su da manaɗi suna nemansu, kuɗinsu zai rage maka na tef.